Tarihin Makarantun Unguwa a Kudancin Kogin Kaduna da Dalilin Tsoron Rufe Su

Cikin watan Mayu na shekara ta 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da cewa za ta haɗe makarantu 359 na wuraren da 'yan bindiga suka addaba da waɗansu makarantun da ke inda ake da dama-dama wajen tsaro. Wannan ya biyo bayan abin da ya auku a Kuriga ran 7 ga watan Maris na shekarar, inda aka kwashe yara daga makarantarsu da safe aka shiga daji da su. Kuriga ƙauye ne mai nisa da birni, amma yana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda ita ce kuma ke riƙe da Nasarawa da Kudenda da Narayi da Sabon Tasha da Gonin Gora, watau da yawa daga cikin unguwoyin Kaduna da ke kudu da kogi. Kowa kuwa ya san abin da ake nufi in an ce za a haɗe makarantu biyu: ɗaya za ta karɓi baƙi, ɗaya kuma za a garƙama mata kwaɗo.

Tsoron nan bai tsaya a bakin daji kaɗai ba. Ko cikin tsofaffin unguwoyin ma'aikata, kamar Kakuri da Makera, uban da ya ga rufin aji ya yaye, malamai sun ƙaranta, masu hali sun kwashe 'ya'yansu, ba ya rasa tambayar kansa ko makarantar nan za ta kai ga ƙannen yaronsa. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin makarantar unguwa a wannan sashe na Kaduna, a ga wanda ke da ita a kowane zamani. Abin da za a gani shi ne, makarantar takan tsaya da ƙafarta muddin akwai wani kusa da ita mai cewa tasa ce, mai kuma halin ɗaukar nauyinta. Sa'ad da mai ita ya yi nisa, ko kuwa tattalin iyayen yaranta ya karye, sai ta fara mutuwa a tsaye tun shekaru da yawa kafin a zo maganar rufewa.

Asalin unguwoyin

Kafin zuwan Turawa ƙasar nan ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune cikin ƙananan ƙauyuka suna noma. Sunayen Kakuri Gwari da Kakuri Hausa har yanzu suna tuna mana waɗanda aka tarar da waɗanda suka zo daga baya. Hanyar jirgin ƙasa ita ta fara sauya wurin. Layin da aka ja daga Baro ya ƙetare kogin Kaduna ya isa Kano a 1911, sa'an nan a 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan, ya zo ya haɗu da shi a kudu da kogin. Gwamna Lugga ya riga ya zaɓi Kaduna ta zama hedkwatar Arewa maimakon Zungeru, aka ƙaura a 1917, amma gidan Gwamna da ofisoshi da barikin soja duk arewa da kogi aka gina su. Kudu aka bar wa reluwe da leburorinta. Tun daga nan garin ya zama gida biyu, masu alƙalami a arewa, masu guduma a kudu.

Abin da ya mai da kudun nan babban gari shi ne masaƙu. Zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Lankasha ta ƙasar Ingila, aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Ta fara aiki a 1957, don a riƙa saƙa audugar Funtuwa da Gusau da Zariya a gida, maimakon a kai ta Ingila a dawo mana da ita akoko. Tsakanin 1962 da 1965 aka ƙara masaƙar Nortex, da Arewa Textiles mai jarin Japanawa, da United Nigerian Textiles ta 'yan kasuwar Hongkong. A 1964 aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta soja, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai a can gaba, kan hanyar Kachia. Ƙidayar 1963 ta sami kusan mutum 150,000 a Kaduna, daga nan kuwa sai abin da ya yi gaba.

Mutanen da suka cika unguwoyin nan baƙi ne daga ko'ina: Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, da Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Zazzau, da Tibi da Idoma da Igala daga wajen Binuwai da Kabba. Gidan haya ɗaya yakan tara ƙabila biyar ko shida, kowa da ɗakinsa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su. Abu biyu suka bambanta su da manoman ƙauye game da ilmi. Na ɗaya, suna da albashi ƙarshen kowane wata. Na biyu, sun gani da idonsu cewa mai takardar gama firamare shi kan zama akawu ko shugaban leburori, marar ita kuwa ya dawwama a bakin inji. Saboda haka ba su bukaci a zo da dogari a karɓi 'ya'yansu ba, kamar yadda aka yi a wurare da yawa na Arewa. Su ne ma ke neman makarantar.

Makarantun farko da masu su

Turawan mulki ba su bar 'yan mishan sun sake cikin biranen sarakunan Musulmi ba, saboda alkawarin da Lugga ya ɗauka cewa ba za a taɓa addini ba, amma sun ƙyale su a sabon gari da unguwoyin reluwe. Don haka yawancin makarantun boko na farko a irin waɗannan wurare na coci ne: na Roman Katolika, da C.M.S., da Baptis, da S.I.M. A Kakuri 'yan sista na Katolika suka buɗe makarantar 'yan mata mai suna Queen of Apostles a 1940. Kowace makarantar mishan tana da manaja, galibi fada ne ko fasto, shi ke ɗaukar malami, shi ke sallamarsa. Jama'ar coci su ke tara kuɗin gini, wani lokaci su buga tubali da hannunsu, iyaye kuma su biya kuɗin makaranta. Musulmin unguwa suna da makarantun allo a ƙofar gidan malam, wanda iyaye ke riƙewa da kuɗin Laraba da sadaka, daga baya kuma makarantun Islamiyya suka yaɗu, musamman bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Akwai kuma makarantun En'e, waɗanda ake riƙewa da kuɗin haraji. A 1956 aka cire Kaduna daga hannun En'e ta Zazzau aka ba ta hukumarta ta babban birni.

Akwai wani abu cikin dokar zamanin nan da ya kamata a lura da shi. A 1948, bisa rahoton Sidney Phillipson, aka tsara yadda gwamnati za ta riƙa taimakon makarantun da ba nata ba. Za a lasafta abin da makaranta ke bukata, wanda mafi yawansa albashin malamai ne, sa'an nan a debe wani kaso da aka ɗauka cewa mutanen wurin za su iya bayarwa, gwargwadon arzikin ƙasarsu, gwamnati ta cika sauran. Ma'anar wannan ita ce, doka da kanta ta sa mutanen unguwa cikin masu makaranta. Wanda ya sa kuɗinsa kuwa yana da bakin magana. In malami ya yi fashi, kafin la'asar labari ya kai kunnen manaja, domin gidansa na nan jikin makarantar.

Kada a ɗauka tsarin nan ba shi da aibi. Ɗan talakan da ubansa ya kasa biyan kuɗi gida ake korarsa. Musulmi da yawa ba su yarda su kai 'ya'yansu makarantar coci ba, don tsoron a juyar da su, har suka gwammace su zauna ba boko. Albashin malaman mishan bai kai na gwamnati ba, ga shi kuma gasar ɗariƙu takan sa a gina makarantu biyu dab da juna, alhali wata unguwar ba ta da ko ɗaya. Waɗannan su ne dalilan da suka sa aka nemi gyara, dalilai ne kuwa masu ƙarfi.

Daga mishan zuwa L.E.A.

Bayan samun mulkin kai Gwamnatin Arewa ta sa wani masanin sha'anin ilmi daga Ingila, H. Oldman, ya duba yadda za a kai ilmin firamare ga kowa. Ya ba da rahotonsa a 1961, aka bi shi aka yi Dokar Ilmi ta 1962. Dokar ta kafa hukumomin ilmi na yanki-yanki, waɗanda aka fi sani da L.E.A., don su tattara makarantun firamare na En'e da na mishan ƙarƙashin tsari ɗaya. Nufin farko haɗin gwiwa ne, wakilan mishan su zauna cikin hukumar tare da na En'e, amma a hankali makarantun suka riƙa komawa hannun hukuma ɗungum. Sunan nan L.E.A. ya zauna, har yau da shi mutanen Kaduna ke kiran firamaren gwamnati, ko da an sauya abin da ke rubuce a allon ƙofarta.

Tarzomar 1966 da yaƙin basasa sun kori mutanen gabas da yawa daga Kaduna, cikinsu har da malaman makaranta da ma'aikatan reluwe. A 1967 aka raba Arewa jiha shida, Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari. A 1972 gwamnatinsa ta karɓe manyan makarantun mishan ta sauya musu suna: Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. John's ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena. Sa'an nan a watan Satumba na 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasa duka, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, aka yi ta horar da malamai cikin ɗan gajeren lokaci, a birane kuma aka raba yara kashi biyu, 'yan safe da 'yan rana. A shekarar nan ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta ƙara wa malaman nan sani suna kan aiki.

Wannan zamani shi ne ƙuruciyar makarantar unguwa a kudancin Kaduna, ba kuwa za a yi masa adalci ba sai an faɗi alherinsa. An daina korar yaro don kuɗi. Ɗan liman da ɗan fasto suka zauna benci ɗaya, domin makarantar ta daina zama ta wata ɗariƙa. Masaƙu na aiki dare da rana, jiniya na kaɗawa a canza ma'aikata, uba na da abin sayen riga da littafi, in ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka kuɗin gyaran taga ba a sha wuyar tarawa.

Amma a cikin alherin nan aka yi wata hasara da ba a gane ba sai daga baya. Hedimasta ya daina amsa tambaya a unguwa, ya koma amsawa a ofis. Daga ofis ake turo malami, daga can ake ɗauke shi, ba a shawarci kowa ba. Mutane suka fara kiran makarantar kayan gwamnati, abin da ake nufi da kayan gwamnati kuwa a bakin jama'a shi ne abin da ba na kowa ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, ga ɗaki na yoyo, masu kwana a ciki ba su da ikon hawa rufin, mai ikon kuma yana can ƙetaren gada.

Shekarun tsanani

Muddin kuɗin man fetur na shigowa ba a ga illar wannan ba. Da farashin mai ya faɗi daga 1981, sai Gwamnatin Tarayya ta janye hannunta daga firamare ta bar wa jihohi da ƙananan hukumomi, waɗanda gyaran 1976 ya riga ya ɗora wa nauyin. Albashin malamai ya riƙa yin watanni bai fito ba, yajin aiki ya zama ruwan dare, aka dawo da karɓar kuɗi iri-iri daga iyaye. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin malami ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata. A 1988 aka kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa don ta riƙe kuɗin malamai, a 1991 aka rushe ta aka mai da abin ga ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake kafa ta. Watau cikin shekara biyar makarantar firamare ta sauya uban gida sau uku.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ne makarantun kuɗi suka fara tsirowa, da fari a unguwoyin masu hali kamar Barnawa, daga baya har cikin lunguna, inda akan mai da gidan haya mai ɗaki huɗu makaranta. Waɗanda suka fara fita daga L.E.A. su ne 'ya'yan akawuna da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, har da 'ya'yan malaman makarantar kansu. Iyayen nan kuwa su ne masu iya rubuta takardar koke, su ne suka san ƙofar ofishin sakataren ilmi. Da suka tafi, makarantar ta rasa masu yi mata magana.

Mutuwar masaƙu da rabuwar gari

Abu biyu suka faɗa wa kudancin Kaduna kusan lokaci guda. Na farko shi ne durƙushewar masaƙu. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi daga waje, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, wata ta hanyar halal, wata ta fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar da Binin. Wutar lantarki ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake tuƙa tukwane da shi ya yi tsada, injuna sun tsufa, noman auduga ya ja baya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har United Nigerian Textiles, wadda ta fi su girma, ta tsai da aiki a 2007. Dubban magidanta suka rasa abin yi, ma'aikatan waɗansu masaƙun kuma suka shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu. Da su aka kwantar da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, da mai gidan haya, da tela. Yaron da dā ake saya wa littafi ya zama shi ake jira ya kawo na cefane daga talla ko wurin koyon gyaran mota.

Na biyu shi ne rikici. Cikin Fabrairu da Mayu na 2000 aka yi faɗa kan batun shari'a, mutum fiye da 1,000 suka halaka. A Nuwamba 2002 aka sake yi kan gasar sarauniyar kyau, sa'an nan a Afrilu 2011 bayan zaɓe. Kowane rikici ya bar ƙaura a bayansa. Kiristoci suka riƙa sayar da gidajensu na arewa suna ƙetarowa Sabon Tasha da Television da Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma suna barin kudu zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, sai 'yan wurare kamar Nasarawa da Makera da Kakuri Hausa inda suka saura da yawa. Kogin da dā ya raba masu alƙalami da masu guduma ya koma raba masallaci da coci.

Makaranta ba ta ƙaura, mutane ke ƙaura su bar ta. Saboda haka rabon yara ya rikice: a sababbin unguwoyin bakin gari jama'a ta yi yawa makarantun gwamnati sun yi kaɗan, aji ya cika har yara na zama a ƙasa, a tsofaffin unguwoyi kuma waɗanda suka gina makarantar da waɗanda suka yi karatu cikinta sun watse, tsofaffin ɗalibanta na can ƙetare ba sa ko bi ta ƙofarta. Malamin da aka tura wata unguwa wadda ba ta mutanen addininsa ba yakan yi ta kai da kawowa har a sauya masa wuri. Benci ɗayan nan da U.P.E. ta zaunar da ɗan liman da ɗan fasto ya zama abin da ba a cika gani ba.

Gyara daga sama

Ba a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. Dokar U.B.E. ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin farko, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Bayan dokar aka shigo da kwamitocin kula da makaranta, masu haɗa hedimasta da iyaye da mai unguwa da malaman addini da mata, shirin ESSPIN na taimakon Ingila kuma ya yi aikin horar da su a Kaduna da waɗansu jihohi biyar daga 2008. Wannan amincewa ce cewa an yi hasarar mai ɗaki, ana neman a dawo da shi. Sai dai an ba kwamitocin aikin roƙo da sa ido, ba a ba su iko kan malami ko kan kuɗi mai kauri ba.

Gwamnatin Malam Nasiru el-Rufa'i, wadda ta hau a 2015, ta rushe gine-ginen da suka ci filayen makarantu, kamar na Alhudahuda a Zariya, ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, sa'an nan a 2017 ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu. Malamai 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka yanka ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka yi jarrabawar, ta yi yajin aiki a Janairun 2018. Ko wane gefe mutum ya bi cikin gardamar nan, mu da ke koyarwa a kwalejojin horon malamai ba mu da wurin ɓuya, domin mafi yawan waɗanda suka faɗi da takardun kwaleji suka shiga aji. Abin lura kuma ga tarihinmu shi ne, da ɗaukar malaman da korarsu da maye gurbinsu duk daga sama aka yi, unguwa sai labari ta ji.

Daga nan sai 'yan bindiga suka matso bakin gari. A 2021 aka sace ɗalibai a Afaka cikin Maris, da jami'ar Greenfield kan hanyar Abuja cikin Afrilu, da makarantar Bethel Baptist ta Damishi kan hanyar Kachia ran 5 ga Yuli. Nan take gwamnati ta ba da umurnin rufe makarantu 13, da yawansu a wajen Maraban Rido da Kujama, ta kuma ɗage komawar makarantun jihar duka. Mutanen ƙauyukan da aka tasa suka kwararo cikin unguwoyin kudu da 'ya'yansu, suka ƙara wa azuzuwan da dā ma sun cika. Sanarwar 2024 ita ce matakin da ya biyo baya.

Abin da mutanen unguwa ke tsoro

Hujjar hukuma a fili take, ba kuma ta banza ba ce. Ba a iya sa soja a ƙofar kowace makaranta, ran yaro kuwa ya fi karatunsa. Haka kuma makarantar da yaranta suka ragu tana cin albashin hedimasta da maigadi da gyaran rufi daidai da cikakkiya, alhali ga wata can tana neman malami. Mai riƙe da baitulmali dole ya yi wannan lissafi.

Lissafin iyaye dabam ne, kansa na farko kuwa shi ne nisa. Uban da ba shi da albashi ba ya iya biyan kuɗin mota kullum ga yara uku ko huɗu. Ɗan shekara shida ba ya ƙetare babbar hanyar da tireloli ke bi ta Nasarawa da Kudenda shi kaɗai. Yarinya kuwa, in makaranta ta yi nisa, ita ake fara ajiyewa a gida. Ba a Kaduna kaɗai haka yake ba. Binciken da Dana Burde da Leigh Linden suka yi a lardin Ghor na Afganistan, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa da aka sa makaranta cikin ƙauye, shigar 'yan mata ta ƙaru da 52 cikin kowane 100. A birnin Shikago na Amurka kuma, inda aka rufe makarantun gwamnati wajen 50 a 2013, galibi a unguwoyin baƙaƙen fata matalauta, masu bincike na jami'ar birnin sun gano cewa karatun yaran ya fara ja da baya tun shekarar da aka sanar da rufewar, kafin a kai ga kulle ƙofa. Jita-jitar rufewa ma kanta cuta ce: malami ya fara neman canji, uba ya fara neman wata makarantar, yara su ragu, raguwar kuma ta zama hujjar rufewa.

Kai na biyu shi ne fili. A unguwar da aka cushe da gidajen haya, filin makaranta shi ne kaɗai sararin da ya rage na jama'a. Nan ake zaɓe, nan ake allurar rigakafi, nan samari ke ƙwallo, nan kuma ake gudu a fake ran tashin hankali. Mutanen da suka ga yadda aka yanka filayen makarantu aka gina gidaje da shaguna tun makarantun na aiki, ba za a ga laifinsu ba in suka yi zaton rufaffiyar makaranta ba za ta shekara biyu ba a raba filinta.

Kai na uku ya shafi Kaduna fiye da sauran garuruwa. Makarantun kuɗi da yawa na coci ne ko na Islamiyya, kowa da nasa. A 'yan unguwoyin kudu da har yanzu ake zaune a cakuɗe, firamaren gwamnati na cikin wurare kaɗan da yaran ɓangarorin biyu ke haɗuwa tun suna ƙanana. In an rufe irin wannan, aka ce yara su tafi wata unguwa, kowane uba inda ya amince zai kai ɗansa, rabuwar da rikici ya fara sai takardar ofis ta ƙarasa ta.

Abin da tarihin ya koyar

Ba mai cewa a koma zamanin manaja da korar yaro don sule biyu, masaƙu kuma ko sun tashi ba za su koma yadda suke a 1975 ba. Amma shekarun da muka bi sun nuna inda aka yi sake. Dokar 1962 da karɓewar 1972 da shirin 1976 sun buɗe ƙofar makaranta ga kowa, sa'an nan suka ɗauke mabuɗin daga hannun maƙwabtanta. Albashin masaƙa ya rufe wannan giɓi na shekara ashirin ko talatin, da albashin ya yanke sai giɓin ya bayyana.

Saboda haka kafin a yanke wa wata makaranta hukunci, ya kamata a auna tafiyar da ƙaramin yaro zai yi da ƙafa zuwa sabuwar, a zauna da kwamitin iyaye tun ba a gama shawara ba, a kuma rubuta cewa filin na ilmi ne ko an rufe azuzuwan, don a iya buɗe su ran da hali ya yi. Inda ba a kai ga rufewa ba, a ba kwamitin kuɗin gyara a hannunsa da bakin magana kan malamin da ba ya zuwa aiki. Namu rabon a kwalejoji shi ne mu nemi ɗalibai daga cikin unguwoyin nan, mu kai su koyon aiki can, mu koya musu cewa sanin mai unguwa da liman da fasto da shugabar matan kasuwa yana cikin aikin hedimasta kamar yadda cika rajista yake. Masana tarihi kuma suna da aiki na gaggawa: littattafan rajista da na baƙi na tsofaffin makarantun Kakuri da Makera da Nasarawa, inda aka rubuta sunan kowane yaro da ƙabilarsa da sana'ar ubansa, su ne tarihin ma'aikatan Kaduna, ya kamata a tattara su a adana tun gara da ruwan sama ba su riga mu ba.